Bayana Ya Riƙe, Ta-Gwaggo Na Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kwantar da ni, ya kuma tashe ni da ƙafafuna. Sunana Hauwa'u, amma daga bakin ruwanmu har kasuwar Yelwa da Kulu mai banda aka san ni. Ƙauyenmu na gefen tafki ta wajen Ngaski, kuma tun ina amarya aikina ke nan: maza su fito da kifi, ni in gyara, in jera kan waya, in ba shi hayaƙi har ya yi ja. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kullum na sauka kwata, inda jirage ke tsayawa, sai in ga mata sun duƙa kan kwando, ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, yadda na yi shekaru ina yi. In na yi magana su yi dariya. To, ga abin da ya same ni, mai so ta ɗauka.

Lokacin farin ruwa ne, damina na ban kwana, tafki na cika yana hawowa cikin gonakin gefe a hankali. Abin da har yau yake ba ni mamaki, ba wani kaya na ɗaga ba. Na sha sauke kwandon tarwaɗa da sai an kama wa namiji. Ran nan wuƙa ce kawai ta suɓuce mini gaban murhun banda. Na sunkuya ina juyawa in ɗauko ta, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana, daidai inda ake ɗaura zane. Na tsaya nan a duƙe. Hayaƙi na shiga idona, kifi na ƙonewa ina jin ƙaurinsa, amma da na yunƙura sai in ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi.

Ladi ce ta tarar da ni. Ita ke kawo mini itace daga ƙauyensu na kan tudu, mun daɗe tare, ita tana zuwa cocinta, ni ina sallata, ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Ta sauke itacenta tana kallona.

"Kulu, mi kike nema ƙasa tun ɗazu?"

"Ba abin da nike nema, Ladi. Tashi ne na kasa."

Ita da maigidana Malam Audu suka rirriƙe ni zuwa ɗaki, ina jan ƙafa ina salati.

A daidai wannan makon ne aka aiko mana cewa za a kawo ɗiyata goyon ciki. Ita ce 'yar fari, don haka ba zan rubuta sunanta ba, kamar yadda ban taɓa kiransa ba. Ta-Gwaggo muke ce mata, saboda tun da aka yaye ta yayar Malam ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma can ƙarshen unguwa. Haka muka tarar ana yi. Uwa ba ta wasa da ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, in ya faɗi wata ke ɗagawa. Girmanta ta gefen ido na gan shi. Ranar da aka kai ta gidan miji wajen Shanga ban raka ba, ban kuma yi kuka inda za a gani ba. Amma akwai abu ɗaya da aka bar wa uwa: in ɗiya ta zo haihuwar fari, uwa ke dafa ruwa, uwa ke yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Na daɗe ina tanadin wannan. Na tara busasshen itace a bayan ɗaki, na sayi sabuwar tukunya babba. Sai ga ni kwance, ko buta ban iya ɗagawa.

Makon farko na Gwaggo ne, yayar Malam ɗin. Ta sa aka ɗauke katifa, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa, ta ɗaure mini ƙugu tamau da rawanin Malam, ta ce kada in motsa sai don lalura.

"Baya in ya goce, kwanciya shike so," in ji ta. "Haka anka yi wa Innarmu."

Aka kira wanzami ya yi mini ƙaho, ya zagaya yana nuna wa kowa abin da ya fito, wai mataccen jini ne. Na ji sauƙi har la'asar, washegari ciwon ya dawo, ga zafin tsaga a kansa. Masu dubiya kuwa ba su yanke ba, Allah ya saka musu, amma kowa da maganinta. Wannan ta ce saiwa, waccan ta ce sanyi ne, wata ta rage murya ta ce wani abu na taka a bakin ruwa. Tsintsiya dai na jingine a ƙofar ɗaki, ban ga wadda ta ɗauka ba sai Ladi.

Ranar kasuwa wani mai yawo da magani a tire ya ƙulla wa Malam ƙwayoyi kala-kala a leda, ba suna ba takarda, ya ce a sha safe da yamma. Su suka kai ni wata duniya. Ɗakina na kallon tafki, kuma da hantsi in rana ta bugi ruwa, haskenta na shigowa ta taga ya riƙa rawa a jikin kwanon rufi. Ina kwance ina kallonsa har in rasa ko a farke nake. Sai in ga ɗakin ya cika da ruwa mai haske, ba sanyi ba nauyi, 'yan karfasa na wucewa ta saman fuskata, su shigo ta taga su fita ta ƙofa. Bugun filafili a jikin jirgi can nesa in ji shi kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Wani lokaci in ga mahaifiyata, wadda ta daɗe da rasuwa, zaune kan turmi tana tsefe kai. In na farka in ji ladan na kiran azahar, in yi sallata a kwance da ishara, hawaye na gangarawa cikin kunnena. Rashin sujada ya fi ciwon ci mini rai.

Cikin wannan hali na buɗe ido wata rana na ga mace tsaye a ƙofa, haske na bayanta, ciki ya yi gaba, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Na ɗauka ni ce nake ganin kaina lokacin da nake da ƙuruciya. Sai ta durƙusa da ƙyar.

"Inna, sannu. Ya jiki?"

Na juya fuska bango, yadda na saba. "Da sauƙi. Kun zo lafiya? Tafi wajen Gwaggonki ki huta."

"Nan zan zauna," ta ce.

Ba ta taɓa musa mini ba, don ba mu taɓa doguwar maganar da za a kai ga musu ba. Ta kwance rawanin, ta ga tsagar ƙaho ta kumbura. Ta fita ta ɗora ruwa a sabuwar tukunyar da na saya domin ta. Ta dawo da tsumma, ta matse shi, ta ɗora mini a baya tana dannawa a hankali. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ranar da na cire ta daga nono. Na cusa fuska cikin filo. Kunya nake ji, daɗi nake ji, ban san wanne ya fi ba.

Mako na biyu abin ya ƙara lalacewa. Na sandare kamar itacen Ladi. Ciwon ya fara saukowa ta ɗuwawu zuwa bayan cinya, cikina kuma na ci da wuta, komai na sa a baki sai ya dawo. Ta-Gwaggo ta sami babanta a zaure.

"Baba, asibiti za mu kai ta."

Gwaggo ta ce hanyar ta ɓaci da damina, mota za ta ƙarasa karya ni. Malam ya yi tunani ya ce, "To, ta ruwa za mu bi."

Aka shimfiɗa mini tabarma a cikin jirgi mai inji, kaina a cinyar Ta-Gwaggo, cikinta na yi mini inuwa. Ba abin da nake gani sai sama. Gizagizai farare na tafiya tare da mu, belbela na giftawa, wani lokaci kan giginya ya leƙo daga wani gungu na tsakiyar ruwa ya wuce. Can na ji wani ɗan bugu a gefen kaina, daga cikin cikinta. Ya sake bugawa. Na ji cinyarta na rawa da dariyar da take haɗiyewa.

Asibiti dai asibiti ne. Mun isa da hantsi, layin kati daban, layin ganin likita daban, bencin kuwa ba abin jingina. Mai ciwon baya ba ta iya zama, ba ta iya tsayuwa, sai na kwanta a barandar siminti mutane na tsallake ni. Kuɗin mai da na magani sun ci ribar banda ta wannan wata, ga kifin da na bari ya lalace, masu saye sun koma wajen wasu. Sai bayan azahar aka kira mu.

Likitan matashi ne, Hausarsa da karin mutanen tudu irin na Ladi. Ya ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, ya buga gwiwata da wata 'yar gudumar roba, ya ja mini biro a tafin ƙafa. Ya yi mini tambayoyin da na ji nauyin amsawa gaban ɗiyata: ko fitsari na kuɓuce mini, ko wani wuri ya mutu ba na jin taɓi, ko ina zazzaɓi, ko na rame, ko faɗuwa na yi. Duk na ce a'a. Ya buɗe ledar ƙwayoyin, ya girgiza kai, ya jefa ta kwandon shara.

"Mama, waɗannan su ke cin cikinki. Kada ki ƙara shan abin da ba shi da suna."

Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini har yau.

"Bayanki bai karye ba, bai goce ba. Tsorata ya yi, ya ɗaure kansa. In kin ci gaba da kwanciya zai ƙara ɗaurewa. Lallashinsa za ki yi."

Ya ce yanzu ba sai an yi hoto ba. Ya rubuta maganin ciki da na rage zafi mai sauƙi, ya nuna wa Ta-Gwaggo yadda zan riƙa kwanciya da tashi. Ya ce in har ɗaya daga abubuwan da ya tambaya ya bayyana, ko ƙafa ta fara ja, kada mu tsaya neman shawarar kowa, mu dawo a ranar.

Daga nan jinya ta koma gida, kuma ga yadda muka yi, ko wata za ta amfana. Aka maido katifa. In zan kwanta rigingine a sa filo ƙarƙashin gwiwoyina, in ta gefe ne a sa shi tsakaninsu. In zan tashi ba na zabura, sai in mirgina gefe, in sauke ƙafafu, in tura da hannu. Da safe kafin in sauko in jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a hankali, in saki, in jawo ɗayar, in karkata su dama da hagu kamar jirgi a ɗaure yana lilo. Ladi ce ta kawo dabarar yashi: ta ɗebo na bakin ruwa, ta soya shi a kasko, ta ƙulla a tsohon zane. Ɗuminsa ya fi na tsumma daɗewa, sai dai a gwada shi a hannu tukuna, don sau ɗaya ya tashe ni da ihu. Bayan gashi Ta-Gwaggo ta shafa mini man kaɗe. Sai tafiya. Ran farko daga ƙofa zuwa turmi, na dawo ina gumi. Sannu a hankali na kai zaure, na kai gindin tsamiya.

Gwaggo ta yi fushi, ta ce an mai da ita ba ta san komai ba. Ta ɗauke ƙafa 'yan kwanaki, sai ga ta da kwanon fura ta ajiye mini. Ta tsaya tana kallona ina zagaya tsakar gida, can ta ce, "Miƙe kafaɗa mana, kina tafiya kamar agwagwa."

Ta-Gwaggo ma bayanta na ciwo, cikin ya tsufa. Sai muka zama mu biyu, kowa dafe da ƙugu, muna tafiya a jere. Wata safiya ƙafa ta kai mu har wurin da mata ke wanka, bayan duwatsu, inda ƙasan yashi ne kuma ba zurfi. Ba kowa. Farin ruwa ya kwanta lumui, da ɗumi, ya shanye ciyawar gefe sai kawunanta ke leƙowa. Muka shiga da zannuwanmu. Da ruwan ya kai mini ƙirji sai na ji an sauke mini wani kaya da ban san ina ɗauke da shi ba. Tun ina yarinya na iya ruwa, amma na manta rabona da shiga don kaina, ba don wanke kwando ba. Na saki jiki na kwanta a kansa. Kunnuwana suka nutse, duniya ta yi tsit, sai wani ɗan kaɗe-kaɗe can ƙasa kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya. Ban san inda bayana ya ƙare ruwa ya fara ba.

Da na ɗago na ga ta tsaya, ruwa ya rufe cikinta, tana kallon tsallake.

"Inna."

"Na'am."

"Tsoro nike ji."

Ba wanda ke ganinmu sai wani tsuntsu a kan dutse. Na taka na isa gare ta, na sa hannu a bayanta na ce ta kwanta, ina riƙe. Ta kwanta kan hannuwana, ita da abin da ke cikinta, ba su fi nauyin ƙwarya ba. Na ba ta labarin ranar da aka haife ta, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce ni ma na ji tsoro, har na ce wa ungozoma na fasa. Na ce da aka aza mini ita sai na kau da kai saboda mutane, amma da suka fita na ƙirga yatsunta, na shinshina kanta har barci ya ɗauke ni. Idonta a rufe, ruwa na wasa da gefen ɗankwalinta.

"Ban san kin taɓa kallona ba," ta ce.

"Kullum," na ce.

Muka mai da shi al'ada, kowace safiya kafin mata su sauko. Na samu sauƙi sosai, har na ruɗi kaina. Ran nan na ga guga cike bakin randa, na sunkuya na fizge shi yadda na saba. Sai ga ni a katifa kuma, ina kuka don haushi. Amma wannan karon ban kwanta na sandare ba. Gashi, motsi, 'yar tafiya, cikin kwanaki kaɗan ya sake ni. A ƙarshen wannan makon ne, a sallar la'asar, na lanƙwasa gwiwa a hankali, na dafa ƙasa, goshina ya taɓa tabarma. Na daɗe ban ɗago ba. Ƙamshin kaba da ƙasa ban taɓa jin daɗinsa haka ba.

Naƙuda ta zo da hantsi. Muka kai ta ƙaramin asibitin garin da ke kusa, ni da Ladi da Gwaggo, kafin la'asar ta sauka lafiya, namiji. Washegari na tashi in dafa ruwa, na tsaya gaban tukunya na san ba zan iya sauke ta ba. Ladi ta ture ni gefe.

"Ke dai zauna. Hannu naki, baya nawa."

Haka muka yi arba'in. Ladi ta ɗebo, ta dafa, ta sauke, ta sirka yadda ma'aikatan asibiti suka ce kada ya yi ƙuna. Ni kuma ina zaune kan kujera 'yar tsugunno da aka ɗora wa bulo don ta yi tudu, ganyen darbejiya a hannuna, ina tsomawa ina fyaɗa wa ɗiyata, tururi na tashi yana rufe mu har ba ma ganin juna sai murya. Kunun kanwa kuwa ni na dama, a tsaye, ba wadda na bari ta taɓa muciyar.

Malam, ba tare da ya gaya mini ba, ya rushe murhun banda ya sake gina shi ya kai mini ƙugu, ya kafa mini tebur na gyaran kifi. Yanzu in zan ɗauki abu a ƙasa gwiwa nake lanƙwasawa, in jawo shi jikina, in kuma ya yi nauyi in kira a kama mini. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Ran da na daɗe a zaune yakan taɓa ni, in tashi in zagaya. 'Yan'uwana mata, kada ku kwanta ku sandare, kada ku sha ƙullin leda, kuma in ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba na gida ba ne.

Ranar komawarsu dangin mijinta suka zo da jirgi. Aka kwashe kaya, aka yi sallama a zaure. Ta-Gwaggo ta ɗauko zane za ta goya yaron, na ce ta miƙo shi. Ta dube ni, ta dubi babanta. Na ɗan rusuna da gwiwa, Ladi ta aza mini shi, na ja zane na ɗaure. Ɗuminsa ya sauka daidai wurin da ke ciwo. Muka gangara kwata a hankali, numfashinsa na taɓa wuyana, Gwaggo na biye tana faɗin in bi sannu.

Kowa ya shiga jirgi. Mai jirgin ya ja igiya, ya tayar da inji, ya tsaya yana jira. Ni ina tsaye, ruwa na lasar ƙafata.

"Inna," ta ce, ta miƙo hannu. "Bayanki fa."

"Bayana lafiya lau. Barci shike yi, ku bari ya farka."

Mai jirgin ya dubi rana, ya dubi Malam. Malam ya kau da kai yana gyara hula. Sai mutumin ya miƙa hannu ya kashe injin.